Ungulu da Kan Zabo a Dajin Mole

Masu karatu, da yawa daga cikinku sun san hanyar Kumasi zuwa Tamale kamar yunwar cikinsu, musamman direbobi da 'yan kasuwar doya da masu safarar shanu. Amma kaɗan ne suke ratsewa a mararrabar Fufulso su nufi yamma. To mu dai mun ratse cikin hunturun da ya wuce, mu biyar daga zango, kowa da jakar kyamararsa, muka nufi gandun dajin Mole. Yawancin masu zuwa can giwa suke zuwa gani. Mu kuwa tsuntsaye suka kai mu, abin da ya sa mutanen unguwa suka yi ta yi mana dariya tun kafin mu tashi, wai mun rasa abin yi da kuɗin mota.

Bari mu gaya muku su wane ne mu, ko da yake ba za mu kama suna ba. Akwai dattijonmu da muke kira Baba, wanda ya shafe shekara da shekaru yana ɗaukar hoton biki da suna tun zamanin fim da ɗakin duhu. Akwai wata malama mai koyar da kimiyya a sakandare, ita ce mai riƙe mana littafin lissafin tsuntsaye. Akwai mu biyu 'yan tsaka-tsaki, masu sana'ar hoto a bakin titi. Sa'an nan akwai ɗan autanmu, yaro mai kaifin hannu a kan kwamfuta, wanda in ka ba shi hoton bukka zai iya mayar maka da ita bene kafin ka gama shan koko.

Mun bar Kumasi bayan asuba, muka wuce Techiman da Kintampo, muka haye gadar Baƙin Volta a Buipe inda mata masu kifi suke rufe mota da faranti. Daga Fufulso hanya shimfiɗaɗɗiya ce tun da aka gama kwaltar da ta tafi Sawla a 2015. Baba ya ce a da in ka bi ta sai ka isa Damongo da jan gemu saboda ƙura, ƙasusuwanka kuma duk sun kwance. Damongo yanzu ita ce hedkwatar Yankin Savannah da aka kafa a 2019, kuma nan ne fadar Yagbonwura, babban sarkin Gwanja. Wanda duk ya tashi a gidan Bahaushe ya ji labarin fataucin goro zuwa Gwanja, to ga mu a cikin ƙasar, sai dai mu ba jaki muka koro ba. Mun tsaya kaɗan a Larabanga muka dubi tsohon masallacin nan na ƙasa mai fararen hasumiyoyi da itatuwa da suka leƙo daga bango, wanda mutanen garin suke cewa tun 1421 yake tsaye. Daga nan zuwa ƙofar gandun 'yar tafiya ce.

Mole shi ne gandun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi don namun daji a 1958, ya zama cikakken gandun ƙasa a 1971. Irin tsuntsayen da aka lissafa a cikinsa sun wuce 300, ƙasar Gana baki ɗaya kuwa tana da fiye da 700. Masaukin baƙi yana kan wani dogon tudu, in ka tsaya a bakinsa sai ka hangi tafkuna a ƙasa, bayansu kuma daji ya miƙe har iyakar ganinka, ga kaɗanya, ga maje, ga marke, ga ɗorawa. Da rani duk abin da yake da ƙishirwa nan yake zuwa: giwa, mariya, gwambaza, mugun dawa, har da gwaggon biri wanda ba ya jin kunyar shiga jakar baƙo. Ba a sauka ƙasa sai tare da ma'aikacin gandu mai bindiga, da sassafe ko kuwa bayan la'asar.

Kwana uku muka yi muna sauka muna hawa. Mun ga zabin daji garke-garke, da makwarwa, da kazar dutse, da cilakowa mai tashi kamar tana ninkaya, da zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, da kirinjijiya masu fito in sun tashi. Gaggafa kuwa kullum rana ta ɗaga sai ta bayyana a sama tana karkata fiffike, wutsiyarta gajeriya kamar an guntule. Amma ba labarin yawon ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru da daddare ne, bayan mun ci tuwo, lokacin da muke buɗe kwamfuta a kan tebur mu baje hotunan yini, kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan na ɗan'uwansa.

Dokar zaman guda ɗaya ce, Baba ya kafa ta: mai hoto ba ya magana sai kowa ya gama. Ya ce wanda zai kalli hoton a jarida ba zai same ka a gefensa kana ba shi uzuri ba, saboda haka ka saba da yin shiru tun yanzu.

Abin da Baba yake fara dubawa ido ne. In idon tsuntsu bai fito tangaran ba, ko da fiffike ya yi kyau kamar zanen hula, sai ya ce a wuce. Yana kuma son ya ga ɗan ɗigon hasken nan da rana take sa wa a cikin ƙwayar ido, don in babu shi tsuntsu yakan zama kamar mushe. Bayan ido sai ya dubi inda mai hoto ya tsaya. Yawancin hotunanmu na daren farko daga bisa tudu muka ɗauke su, duk sai ƙeyar tsuntsu da gadon bayansa. Baba ya ce ko hoton yaro za ka ɗauka durƙusawa kake yi, balle zabo. Kashegari haka muka yini muna rarrafe cikin ƙura, ma'aikacin gandu yana kallonmu yana murmushi.

Ɗayanmu ya kawo hoton balbela a bakin tafki da tsakar rana. Tsayuwarta ta yi kyau, amma jikin fari fat ne kamar takarda, ba ka ganin gashi ko ɗaya. Ya ce a bari ɗan auta ya gyara. Ɗan auta ya ja haske ƙasa, farin ya koma toka-toka, gashin bai dawo ba. Dalili kuwa shi ne, inda haske ya ƙone kyamara ba ta rubuta kome a wurin ba, abin da ba a rubuta ba kuma ba a karanto shi. Farin tsuntsu sai ka rage haske tun wajen ɗauka. Gaggafa kuma akasin haka ce: sama tana da haske, kyamara sai ta ruɗe ta rufe ido, tsuntsuwar ta fito baƙa ƙirin kamar an yanko ta da almakashi, saboda haka ita ƙari take so. Mai tashi kuma yana bukatar saurin ƙiftawar kyamara, kashi ɗaya cikin 2,000 na daƙiƙa ko kusa da haka, in ba haka ba bakin fiffike ya narke. Waɗannan duk a daji ake gyara su, ba a kan tebur ba.

Sai maganar yanka. Ɗan'uwanmu na biyu yana da halin matse tsuntsu a tsakiyar hoto, ya yanke gefe da gefe har baki ya kusa taɓa bango. Malama ta ce ita in ta ga irin wannan sai numfashinta ya ɗauke, a bar wa tsuntsu fili ta wajen da yake kallo mana. Ta kuma roƙi a daina yanke reshen da yake kai gaba ɗaya, domin irin itacen yana gaya wa mai ilmi inda tsuntsun yake zama da abin da yake ci. Wannan ba mu taɓa tunaninsa ba, mu da muka saba da hoton fasfo.

A kan hazo ne muka fara samun saɓani na gaske. Kowa ya san yadda hunturu yake shafa wa duniya toka. Duk hoton da aka ɗauka daga nesa sai ya fito fari-fari, launi ya kwanta. A cikin Lightroom akwai wani maɓalli na kore hazo, ɗan auta kuwa yana son sa kamar me. Ya ja shi har ƙarshe a kan hoton tafki, sai ga sama shuɗiya shar, ganye kore shar, kamar watan Agusta. Muka ce kai, ya yi kyau! Baba ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ɗana, a wane wata muka zo nan?" Yaro ya ce Janairu. Baba ya ce, "To ina Janairun?" Malama ta ƙara da cewa saura kawai ya liƙa shamuwa a kan reshe, alhali kowa ya san shamuwa sai damina ta kusa take zuwa. Aka yi dariya. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa a rage hazon daidai yadda ido ya gani a wurin, domin gaskiya ne ido ya fi kyamara ratsa ƙura, amma kada a kore shi duka.

Haka aka yi da launi. A gaɓar wani rafi akwai ramukan tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma, masu koren baya da jan maƙogwaro da shuɗi a ƙarƙashin wutsiya, suna haƙa gidajensu a jikin gaɓa jere-jere. Allah ya riga ya yi musu ado, amma yaro ya ƙara musu rini har jan ya zama kamar an zuba manja, gashin wuyan ya haɗe ya zama dunƙule. Malama ta buɗe littafin tsuntsayen Gana na Nik Borrow da Ron Demey ta ajiye a gefen kwamfuta, ta ce a nemo mata wannan tsuntsu a ciki. Ta kuma kawo misalin burtu, wanda muka yi sa'a muka gani guda biyu suna taku cikin ƙonannen fili. Namijin burtu yana da ja a fatar maƙogwaro, macen kuwa tata shuɗiya ce duka. Wanda ya yi wasa da launi a nan zai iya mayar da mace namiji bai sani ba. Burtun nan da maharbanmu na da suke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗa, shi ma ya ragu ƙwarai, ganinsa yanzu sai an dace.

A daren ƙarshe ne aka yi wadda ta fi kowace. Da yammacin ranar mun tarar da ungulaye a kan wani busasshen itace, muka ɗauka, muka wuce. A hanya Baba ya yi ta ba da labarin yadda ungulu take a kwatar zango lokacin ƙuruciyarsa, sun cika rufin kwano da kan katanga, mahauta suna kora suna dawowa, har yara suna jifansu. Ya ce yanzu sai ya yi wata bai ga ko ɗaya ba. Da aka zauna duba hotuna, ɗan auta ya buɗe nasa yana murmushi. Itacen nan ne, rana tana faɗuwa a bayansa, ga ungulaye goma sha ɗaya a jere a kan rassa. Hoto ne wanda in ka gan shi a bangon ofis sai ka tsaya. Har mun fara cewa shi za mu aiko wa wannan jarida.

Malama ce ta buɗe littafinta ta ce, "Ni uku na rubuta." Ta matso da fuskarta kusa da gilashi, ta nuna wata ungulu mai karkataccen wuya a reshen dama, ta nuna wata a reshen hagu, ta sake nuna wata a sama. Duk wuyansu ya karkata iri ɗaya, duk gashi ɗaya ne ya tashi a kafaɗarsu. Yaro ya kwafi ukun nan ne ya yi ta dasawa, wasu ya juya su, wasu ya rage musu girma. Baba ya tuntsire da dariya ya ce yau ga ungulu da kan zabo a fili, sai dai wannan ungulu ce da kan ungulu.

Yaron bai ji daɗi ba, kuma ba shi da mugun nufi. Ya ce, "Baba, ai don ku na yi. Kun ce haka kuka saba gani, na ce bari in mayar muku da ita. Kuma ku da kanku kun gaya mana kuna gyara fuskar amare da fensir a kan fim, kuna goge ƙuraje, kuna tsayar da mutum a gaban labule mai zanen bene da firiji. Wannan ba ƙarya ba ce?"

Tambayar ta yi nauyi, muka yi tsit muna jiran amsa. Baba bai musa ba. Ya ce ya yi, ya kuma ci abinci da shi shekaru da yawa. Amma ya ce amarya ta san fuskarta, danginta sun sani, wanda ya tsaya gaban labule shi ya zaɓi labulen ya biya kuɗinsa, duk wanda ya ga hoton kuma ya san labule ne. Ba a ruɗi kowa ba. Ungulu fa ba ta zo ta ce a ƙara mata 'yan'uwa ba, wanda zai buɗe jarida kuma zai ɗauka abin da ke Mole ke nan.

Daga nan Malama ta karɓa, kuma ba da wasa ba. Ta ce ungulun nan ta gida da muke rainawa, mai siririn baki da jar fuska, tun 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda suke dab da ƙarewa, ita da babbar ungulun daji mai farin baya. Ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, saboda haka in an kashe da yawa ba sa saurin mayuwa. Guba tana kashe su, manyan itatuwan da suke sheƙa a kai ana sarewa, ga kuma masu sayen kai da ƙafafu don haɗa magani da tsafi. A ƙasar Gini Bisau a 2020 an tsinci gawarsu fiye da 2,000, an sa musu guba, da yawa an yanke kawunan. Sai ta ce, kuma kada mu yi kamar ba mu sani ba, cinikin nan yana ratsa kasuwannin Afirka ta Yamma, har da rumfunan da ake ciniki da harshenmu. Wanda ya ga hoton ungulu goma sha ɗaya a kan itace ɗaya zai ce ashe suna nan da yawa, masu kuka suna ɓata bakinsu ne.

Ta kuma bayyana mana inda lissafinta yake zuwa. Duk abin da ta rubuta tana shigar da shi eBird, rumbun da Jami'ar Cornell ta Amurka ta buɗe a 2002, inda masu kallon tsuntsaye na duniya suke zuba abin da suka gani da rana da wuri da adadi, har da hoto don shaida. Daga irin wannan ne masana suke gane wane tsuntsu yake raguwa, a ina. Ta ce in hoto ya ce goma sha ɗaya littafi ya ce uku, ɗaya daga cikinsu maƙaryaci ne, kuma mutane hoto za su gaskata. Har ma ta gargaɗe mu a kan zoben da masana suke sa wa tsuntsu a ƙafa, wanda masu gyara suke gogewa wai yana ɓata hoto, alhali lambar da ke jikinsa ita ce take faɗin daga inda ya taso.

Ba mu kaɗai muke wannan gardama ba. Babbar gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan yake shiryawa takan nemi ɗanyen hoto, watau yadda ya fito daga kyamara kafin a taɓa shi, don a gwada da wanda aka gyara. Wanda ya ci gasar a 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake shinge, an ƙwace kyautarsa a farkon 2010 bayan alƙalai sun yanke cewa dabbar ta gida ce, horarriya. A 2018 kuma aka soke wani hoton da aka ɗauka a Barazil na wata dabba mai cin gara a gindin suri, da masana suka duba suka ce ƙirin fata ce da aka cusa wa kaya. Yanzu da kwamfuta take iya ƙirƙiro tsuntsu daga babu in ka rubuta mata kalmomi kaɗan, shaidar ɗanyen hoto ta ƙara daraja.

Mu dai a teburin nan ga inda muka tsaya. Duk abin da zai kusantar da hoto ga abin da ido ya gani, halal ne: a ƙara haske ko a rage, a daidaita launin da kyamara ta karkatar, a yanke gefe, a rage yashi-yashin nan da yake fitowa in an ɗauka cikin duhu, a goge tabon ƙurar da ta shiga cikin kyamara, wadda a hunturu ba ta da iyaka. Amma abin da yake a wurin a bar shi, abin da ba ya nan kada a kawo shi. Ɗan'uwanmu ya tambaya, to ɗan reshen da ya gitta gaban tsuntsu fa? Nan ba mu daidaita ba. Baba ya ce ka matsa taku biyu tun a daji. Mu biyu muka ce in hoton na bangon ɗaki ne ba laifi, muddin an faɗa. Malama ta ce ita ba ruwanta da bangon ɗakin kowa, amma kada ya shigo littafinta. Har yau maganar tana nan.

Abu guda ne Malama da kanta ta ce a ɓoye. A ranar ta biyu ma'aikacin gandu ya nuna mana sheƙar ungulu a kan wani dogon itace, muka ɗauka daga nesa ba mu matsa ba. Wayoyi da wasu kyamarori suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton, wanda ya iya kuma zai karanta. Ta sa ɗan auta ya goge wannan kafin hoton ya fita hannunmu, kada mu zama 'yan jagorar masu neman kai. Yaro ya ce, "Malama, ashe ke ma kina gogewa." Ta ce ta goge adireshi ne, ba ta taɓa mai gida ba.

Kafin mu kwanta yaron ya koma kan ɗanyen hotonsa, ya fara daga farko. Ya bar hazon kaɗan, ya ɗaga haske a fuskar ta tsakiya har jan fatar ya fito, ya bar rassan nan takwas da ya cika a da suka koma fayau. Wannan shi ne hoton da kuke gani tare da wannan rubutu.

A hanyar dawowa mun tsaya cin abinci a wani gari kusa da mahauta. Ba wanda ya ce da wani kome, sai muka ga dukanmu mun ɗaga kai muna duban rufin kwano. Hankaki ne da shirwa, sai ungulu guda ɗaya can a kan falwaya. Malama ta ciro littafinta ta rubuta. Baba kuma ya ce wa ɗan auta in mun isa Kumasi ya wanke masa hoton nan na uku, babba, zai kai wa sarkin fawa ya rataya a rumfarsa.